Sahlitu a Gindin Bangon Yamma

Tun ranar da Gashau ya sauko daga mota a ƙofar Cocin Markoriyos da farin takalmi, a tsakiyar damina, na san mun shiga uku. Wa ke sa farin takalmi a Gondar lokacin ruwa, in ba wanda ya manta irin taɓon garinsu ba? Shekara ashirin da biyu ya yi a Amurka yana gadin wurin ajiye motoci, har Allah ya ba shi nasa wurin, ya dawo mana da tumbi da zobe a kowane yatsa. Yanzu wai Ato Gashau ake ce masa, lakabin da ake yi wa manya, har da ɗan rusunawa. Ni kuwa na san shi tun yana yawo ba wando a Unguwar Wanza, majina har baki, yana bin uwarsa da tulun giyar da take sayarwa.

Sunana Wondifrau. Aleƙa ake ce mini saboda na sauke karatun coci, amma zane ne sana'ata, kuma shi ne sana'ar gidanmu tun kakan kakana. Shekarata saba'in da ɗaya, kuma ban iya ɓoye abin da ke raina ba, wannan kowa ya sani a unguwa.

Cocinmu ba babba ba ne. Zagayayyen gini ne na dutse da laka, zobe uku ɗaya cikin ɗaya, da ɗaki mai tsarki a tsakiya inda ba mai shiga sai firistoci. Baƙi masu ɗaukar hoto ba sa zuwa wajenmu, manyan cocin cikin gari suke tafiya, kuma hakan ya fi mana. Shekara ɗari biyu da ɗoriya yana tsaye bai roƙi kowa komai ba, sai da Gashau ya zo ya gano cewa wai yana bukatar gyara.

Da rufi ya fara. Ya sa aka yaye tsohon kwanon aka ɗora wani shuɗi mai ƙyalli, irin wanda ake rufa gidan mai da shi. Ƙwan jimina bakwai da ke kan gicciyen tsororuwa, biyu sun tsage, sai ya sa aka sauke duka bakwai ɗin aka maye gurbinsu da fararen ƙwallayen roba. Duwatsun nan uku masu faɗi da ke rataye a jikin itacen zaitun, waɗanda ake bugawa a kira mutane sujada, aka jingine su a bayan banɗaki aka ɗaura lasifika mai tari. Daɓen ƙasa da muke shimfiɗa wa ɗanyar ciyawa ranar idi ya sha tayil mai santsi, tsofaffi biyu suka zame a makon farko. Amma abin da ya fi ƙona mini rai ƙofofin ne. Kowace ƙofa falle ɗaya ce daga gindin itace ɗaya, tsayin mutum biyu, ba ƙusa ko guda a jikinta. Mutumin nan ya sa aka shafe su da fenti ruwan ƙasa mai zane-zane, wai don su yi kama da katako.

Duk wannan da ɗaurin gindin Kes Asmamau, shugaban cocinmu, wani ɗan gajeren firist da ke fara dariya tun Gashau bai kai ƙarshen zancensa ba. Na yi magana a kan ƙwan jimina, na yi magana a kan ƙofofi, aka ce tsufa ne ke damuna. Na haɗiye. Na ce su yi ta yi da waje, muddin ba su taɓa bangon yamma ba.

A bangon yamma na ɗaki mai tsarki, dama da ƙofa, akwai Uwarmu Maryamu riƙe da Ɗanta, wadda kakan kakana ya zana a kan ƙyallen auduga ya manna a jikin laka. A ƙarƙashin ƙafarta kuwa, can gindin bango, wata mata ce kwance a miƙe, tsawonta bai fi kamu biyu ba, cikin farin mayafi mai jan baki. Weizero Sahlitu ke nan, wato Uwargida Sahlitu, wadda ta gina cocin. Matar wani fataken gishiri ce, mijin ya mutu a hanya, ta sayar da alfadaransa kaf ta ɗebo magina, ita da kanta tana ɗaukar dutse a ka daga rafi har ta gama. Haka ake yi wa wanda ya gina coci, a kwantar da shi a ƙarƙashin ƙafar Maryamu. Ba wanda ya san kabarinta, ba ta bar ɗa ba, ba ta bar jika ba. Wannan ɗan zanen shi ne kaɗai abin da ya rage nata a duniya. Lokacin da mahara suka cinna wa garin wuta a zamanin kakana, rufin ciyawa ya ƙone ƙurmus, ita ko gezau. Sojan Italiya sun ɗaure dabbobinsu a farfajiya, 'yan juyin juya hali sun so su mai da wurin rumbun taki, duk ta ga bayansu tana nan kwance abinta.

To, wata Lahadi bayan sujada aka kira ni zaman dattawan coci a gindin zaitun. Tun daga yadda Kes Asmamau ya miƙe ya ba ni kujerarsa na san da wata a ƙasa. Ya yi ta kewaye-kewaye, ya lissafa alherin Ato Gashau tun daga rufi har banɗaki, ya ce ai wanda ya sake gina coci kamar wanda ya gina shi ne, kuma al'adar iyayenmu ba ta bar irin wannan bawan Allah ba tare da an kwantar da shi a ƙarƙashin ƙafar Uwarmu ba. Na ce to madalla, akwai fili a bangon arewa, kusa da zanen dokin Waliyyi Markoriyos. Sai kowa ya sunkuyar da kai yana kallon yatsun ƙafarsa.

Gashau ne ya yi magana, yana juya makullin mota a yatsa.

"Baba Aleƙa, bangon arewa ai bayan gida ne. Wa ke zagayawa can? Inda matar nan take, nan nake so."

"Matar nan tana da suna," na ce.

"To, Allah ya ji ƙanta. Ta yi shekara ɗari biyu a wurin, ai ta huta haka. Fuskar ma duk ta dushe, ko ita ta dawo ba za ta gane kanta ba."

Kes Asmamau ya ƙyalƙyale da dariya, sauran suka taya shi. Dattawa bakwai, masu furfura, waɗanda aka yi wa baftisma a gaban matar nan, ba wanda ya tsaya mata. Na tashi na kakkaɓe mayafina na ce su nemi wani, hannuna ba zai yi wannan aika-aika ba. Ban kai ƙofar farfajiya ba Kes Asmamau ya biyo ni da ɗan gudunsa, ya ce in yi tunani, don Ato Gashau ya riga ya yi magana da wani mai zane a kasuwa. Na san mutumin. Shi ke zana kawunan da ke jikin shagon aski da kajin da ke ƙofar gidajen abinci. Wai zai kankare tsohon ƙyallen da wuƙa har laka, ya shafa siminti, ya zana da fentin mota.

Kwana biyu ban ci abincin kirki ba. Matata Alganesh ta ajiye mini gurasarmu ta injera da miyar wake, ta ɗauke, ta sake ajiyewa. A rana ta uku dabara ta zo mini, na je na sami Kes Asmamau na ce na yarda, amma da sharaɗi: ni kaɗai zan yi aikin, a rufe ƙofa, ba mai leƙe. Ya kusa rungume ni don murna, sakarai.

Dabarar ita ce ba zan cire ta ba. Zan zana Gashau a gida a kan sabon ƙyalle, in kawo in rufe ta da shi, in manna da tsinkakken kunun alkama, ba da danƙon fata da muke amfani da shi ba. Irin wannan mannin, in aka bi shi da jiƙaƙƙen tsumma a hankali, kwana uku ko huɗu, zai saki ya bar abin da ke ƙasa lafiya lau. In aka fizge shi a bushe ne zai taho da komai. Na ce a raina Gashau ba zai dawwama ba, masu irin tumbinsa ba sa daɗewa, kuma ran da aka binne shi, ni ko wani mai hankali zai jiƙa tsumma ya fito da Sahlitu. Ga dattawa kuwa zan ce na kankare ta. Ban gaya wa kowa gaskiyar ba sai Alganesh.

Da a nan na tsaya, da yau ba ni da labarin da zan ba ku.

Gashau ya zo gidana da hotunansa guda uku don in duba in zana. Bai cire takalmi ba, bai gai da Alganesh da kyau ba, gahawar da ta dafa masa ma kurɓa ɗaya ya yi ya ture. A hotuna biyu yana kallon gaba, na ukun kuwa ya jingina da wata doguwar mota, ya juya gefe, ya ɗaga haɓa yana hangen nesa kamar mai jiran jirgi. Ya ɗora yatsa a kan wannan ɗin.

"Wannan za ka bi, Baba. Duk wanda ya gani sai ya ce hancina ya fi fitowa ta nan."

Na dube shi. Na sake duban hoton. Na rantse da Maryamu sai da na ciji leɓe.

Duk yaron da ya yi wata uku a makarantar coci ya san wannan: mutumin kirki da ido biyu ake zana shi, fuskarsa a buɗe tana kallon mai kallo. Wanda ake juya wa fuska gefe, ido ɗaya kawai ya fito, mugu ne. Yahuda maci amanar Ubangiji haka yake a bangonmu, Fir'auna haka yake yana nutsewa a teku, sojan Hirudus masu yanka jarirai haka suke, da waɗanda suka buga ƙusoshi a kan gicciye. Gashau ya wuce ta gabansu sau dubu, ya sumbaci bangon da suke kai, amma bai taɓa ɗaga ido ya lura ba, don shi in ya shiga coci dubawa yake wa ke kallonsa. Abin da ya kamata in yi a matsayina na dattijo shi ne in ce masa, ɗana, wannan ba ya yiwuwa, ga dalili. Kalma goma ta isa. Amma na tuna ƙofofin nan, na tuna ƙwallayen roba, na tuna yadda ya ce ta huta haka.

"Yadda kake so haka za a yi," na ce masa.

Ban taɓa jin daɗin aiki kamar wannan ba, kuma ba zan yi ƙarya in ce na ji wani ɗar a raina ba. Na sayi ƙyalle wajen masaƙin unguwarmu, na shafe shi da alli, na niƙa jar ƙasa, na tara kunkunniyar fitila, na kwaɓa da gwaiduwar ƙwai yadda ubana ya koya mini. Na kwantar da Gashau a miƙe cikin farin mayafi, tumbin ma na rage masa shi don mutunci. Hancin kuwa na ba shi haƙƙinsa, ya fito zar kamar yadda yake so. Ido ɗaya tak, ƙato, yana hangen nesa.

Alganesh ta shigo da shanya a hannu ta tsaya a bayana. Ta leƙo ƙyallen ta kafaɗata.

"Maigida, ina ɗaya idon?"

"Yana ɗaya gefen."

"Kai dai ba ka jin magana. Shekara saba'in, har yanzu halin yara."

Na ce shi ya zaɓa da yatsansa, ni ɗan aike ne. Ta ce in bar wannan zancen, ita ba dattawan coci ba ce da zan yi wa wayo. Ta ce in Gashau jaki ne, uwarsa ba jaka ba ce, kuma tana da rai. Emama Zertihun take nufi, wato Inna Zertihun, uwar Gashau, ƙawarta tun suna 'yan mata, tsohuwar da ta yi shekara arba'in tana dafa giya tana sayarwa don ta ciyar da 'ya'ya biyar, kuma ba ta taɓa fashin azumi ko ɗaya ba. Na ce Zertihun ta shekara uku ba ta fita ko ƙofar gida saboda ƙafa, ina za ta gan shi? Alganesh ta yi tsaki ta fita da shanyarta.

Ranar mannawa na shiga da sassafe na sa aka rufe ƙofofi. Na durƙusa a gaban Sahlitu da gashin kaza na share mata ƙura, a hankali, tun daga ƙafa har fuska. Na ba ta haƙuri. Na ce mata ɗan lokaci ne, ta ɗauka an ja mata labule. Sannan na shafa kunun, na ɗora Gashau a kanta, na bi da tafin hannu har ya kwanta lif. Ko ni da na yi aikin, in ba na sani ba, ba zan ce akwai wani abu a ƙasa ba.

Da aka buɗe ƙofa Kes Asmamau ya shigo tare da mai gayya. Ina kallon fuskar firist ɗin. Ya gani, wallahi ya gani, don sai da bakinsa ya buɗe, ya kalle ni, ya kalli Yahuda da ke can sama da kafaɗarsa. Amma Gashau na gefensa ya washe baki yana cewa kai, Baba ya iya aiki, dubi hanci. Sai bawan Allah ya haɗiye yawu ya ce lalle kam, hannun Aleƙa ba ya tsufa. Shugaban coci ke nan, wanda aka damƙa wa kiwon rayukanmu. Ya gwammace mutum ya kwana cikin maƙiyan Ubangiji da ya ɓata masa rai na minti ɗaya.

Mako uku na yi ina shan daɗi. Mawaƙan coci sun gane tun ranar farko, in suka zo wucewa sai su dogara da sandunansu suna tari na ƙarya, kafaɗu na rawa. Tsofaffin mata suna rufe baki da mayafi. Dattawan nan bakwai duk sun gani, duk sun yi gum. Matasa kuwa, 'yan waya a hannu, ba su san ma akwai abin gani ba. Gashau ya riƙa kawo abokansa daga otal yana nuna musu kansa, ni kuma ina zaune a kan dakalin waje ina amsa gaisuwa. Na ɗauka na ci riba biyu, na ɓoye Sahlitu kuma na rama mata.

Sai idin Waliyyi Markoriyos ya zo. Aka fito da akwatin alkawari a kan firist ƙarƙashin laima, aka zaga coci sau uku, ganguna na tashi, mata na guɗa. Ana gamawa na hango motar Gashau ta matso har bakin ƙofar mata, abin da ba a taɓa yi ba. Ya buɗe baya ya fito da wata 'yar tsohuwa ƙanƙanuwa, ya riƙe ta a hammata. Ashe ya yi wa uwarsa alkawarin zai kawo ta ta ga inda aka sa ɗanta.

Na bi su ciki, ban san dalili ba. Emama Zertihun ta cire takalmi, ta taka tayil ɗin nan da ƙyar tana dogara sanda, har gaban bangon yamma. Ta fara gai da Maryamu tukuna, ta sumbaci bango, ta yi addu'arta ba gaggawa. Sannan Gashau ya ce Inna dubi ƙasa. Ta sunkuya, ta matso da fuska saboda idonta ya yi rauni. Ta daɗe a haka. Mutanen da suka cika wurin suka zuba mata ido, don rabinsu sun san abin da take gani.

Ta miƙe ta juyo, ba ɗanta ta nema ba, ni ta nema.

"Wondifrau, kai ka yi wannan?"

Na ce ni ne.

"Da me na cuce ka?"

Ba ta ɗaga murya ba. Gashau ya yi 'yar dariya ya ce Inna mene ne, ba ki ga ya yi kama da ni ba? Sai ta ɗaga sandarta ta nuna masa Yahuda, ta nuna masa Fir'auna, ta nuna masu ƙusoshi ɗaya bayan ɗaya, sannan ta nuna manzanni da idanunsu bibbiyu, ta sauke sandar a kan hotonsa. Ba ta ƙara bayani ba, kuma bai bukata ba. Na ga wuyansa ya kumbura. Ita kuwa hawaye ne kawai ke bin tamojin fuskarta, tana cewa ita ta san ɗanta ba waliyyi ba ne, amma bai sayar da Ubangiji ba, kuma a gaban Uwarmu aka kwantar mata da shi cikin la'anannu tana raye. Na shekara saba'in ina raina mutane, ban taɓa jin na ƙanƙance kamar ranar ba.

Gashau ya juya mini baya. Ya ɗauki uwarsa ya mai da ita mota. Ni ma na sulale gida, ban tsaya cin abincin idi ba. Na gaya wa Alganesh abin da ya faru, ba ta ce ai na gaya maka ba, kuma da ta faɗa da ya fi mini sauƙi. Na yanke shawara gobe da safe zan je in durƙusa wa Zertihun, in ce wa Gashau ya ba ni kwana huɗu in cire ƙyallen in gyara. Kwana huɗu kawai nake bukata da tsumma da ruwan ɗumi.

Ban lissafa da cewa mai kuɗi ba ya jiran gobe ba. La'asar ba ta yi ba wata maƙwabciyarmu ta leƙo ta katanga ta ce wa Alganesh ai ga Ato Gashau can ya koma coci da leburori biyu daga wajen otal ɗin da yake ginawa. Ban san lokacin da na fita ba takalmi ba. Tsakanin gidana da coci ba nisa, amma hawa ne, kuma gwiwoyina ba na da ba ne. Ina hawa ina faɗuwa, mutane na cin abinci a farfajiya suna kallona kamar mahaukaci.

Tun daga ƙofa na ji ƙarar ƙarfe a jikin laka.

"Kada ku ja! Akwai mutum a ƙasa!"

Sun riga sun ja. Sabon ƙyallen na yashe a kan tayil, a yage gida biyu, bayansa duk ɓarɓashin tsohon fenti da zare-zaren tsohuwar auduga. Abin da ya saura a bango kuma ɗaya leburan na bin sa da cokalin magina, yana kankarewa da ƙarfinsa don ya burge mai gida. Daga ƙafar Maryamu zuwa ƙasa babu komai sai jar laka.

Na ture shi na durƙusa. Na ce ina matar, ina Sahlitu, tana nan a ƙasa ban cire ta ba. Leburan ya ja da baya yana goge hannu a wando, ya ce shi bai ga wata mata ba Baba, wani ruɓaɓɓen tsumma ne kawai ya biyo, yana taɓawa yana zama gari.

Gashau na tsaye ya harɗe hannu.

"Wace mata kuma? Ba kai ka ce ka kankare ta ba?"

Kes Asmamau ya matso ya dafa kafaɗata, wai lallashi, ya ce Aleƙa ai ba abin kuka ba ne, tun wata biyu da suka wuce dattawa suka amince a cire ta, kowa ya riga ya yi haƙuri da ita. Na kalli hannunsa har sai da ya janye shi. Gaskiya ya faɗa, ga su duka ta daɗe da tafiya. Ni kaɗai na san tana nan da rai har azahar ɗin ranar, kuma ni na jawo mata cokalin magina da hannuna, don kawai in ji daɗin mako uku a kan dakali. Na shimfiɗa mayafina na tattara abin da ya zube, bai cika tafin hannu biyu ba.

Na ce zan sake zana ta. Wa ya fi ni saninta? Tun ina ɗan shekara takwas nake zama a gabanta. Na sayi ƙyalle, na niƙa ƙasa, na zauna. Na zana fuska ta fito ta uwata. Na goge na sake, ta fito ta Alganesh tana budurwa. Na sake, ta fito ta wata da ban ma sani ba. Kwana tara ina abu ɗaya. A rana ta tara Alganesh ta tsaya a kaina ta tambaye ni, a hankali, wai hannun da ta ɗora a ƙirji na dama ne ko na hagu. Na buɗe baki in amsa, sai na ga ban sani ba. Hoto kuma babu ko ɗaya, don duk wanda ya taɓa ɗaga waya a gaban bangon nan ni na kore shi da sanda, har da wata yarinya daga jami'a da ta zo da takarda tana roƙona.

Ana nan Zertihun ta aiko. Ba zagi, ba ƙorafi. Ta ce in ina ganin girman zaman da muka yi, in gyara wa ɗanta kafin ta mutu, ta gan shi da ido biyu. Ba ni da bakin cewa a'a. Sun riga sun shafe gurbin da siminti, sumul, yana jirana.

Gashau ya ƙi ba ni hotunansa, ya ce in na ga dama in mutu. Ban ma bukace su ba. Na zauna da safe, kafin rana ta yi tsaka fuskar ta fito, ido biyu, da ɗan tabon da ke girarsa ta hagu, da yadda leɓensa na ƙasa ke saki in yana jin kansa. Ko sau ɗaya ban goge ba. Duk wanda ya shiga cocinmu yau ya duba gindin bangon yamma zai ce Gashau ne zai yi magana, kuma mutane na cewa shi ne aiki mafi kyau da na taɓa yi.